Vindolanda: ceto takalma da wasiƙun katako daga jiƙaƙƙiyar ƙasa

A arewacin Ingila, cikin yankin Northumberland, akwai kufan wani sansanin sojan Rumawa mai suna Vindolanda. Yana kudu kaɗan da ganuwar da Sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122 Miladiyya, amma ya girmi ganuwar, domin tun wajen shekara ta 85 aka kafa shi a bakin hanyar soja da ta miƙa daga gabas zuwa yamma. Sansani tara aka gina a wannan wuri, wani a kan wani, na farkon da katako, na baya da dutse. Tun 1970 gidauniyar Vindolanda Trust ke riƙe da filin, kuma har yau ana tono.

Abin da ke fitowa daga can ƙasan ramukan kayan zaman gida ne: takalma sama da 5,000, matazai na katako, ƙyallayen ulu, safar yaro, igiya, takubban wasan yara da aka sassaƙa da itace, mazaunin masai na katako da aka samu a 2014, da siraran alluna masu rubutun tawada. A yawancin kufai irin waɗannan kaya ruɓewa suke yi cikin 'yan shekaru, mai tono ya tarar da katanga da dutse da tsatsar ƙarfe kawai. A nan sun yi kusan shekara 1,900 lafiya lau, amma da yawansu na iya lalacewa kafin rana ta faɗi in aka fito da su ba shiri. Aikin wurin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abin da ake yi daga lokacin da kaya ya sha iska zuwa lokacin da ya isa ɗakin gyara.

Abin da ya hana su ruɓewa

Masu cin itace da fata da ulu a ƙasa su ne fumfuna da bakteriya da ƙwari, kuma masu saurin ɓarna a cikinsu duk sai da iskar oksijin suke aiki. A Vindolanda abubuwa da dama suka taru suka toshe iskar. Wurin na da maɓuɓɓugai, ruwan ƙasa yana kusa. Sannan ga yadda sojan ke gini: duk sa'ad da za a sabunta sansani, sai a rushe tsohon, a kwashe katakon da zai sake amfani, a baje sauran, a lulluɓe shi da yumɓu da ƙasa mai ciyawa, a daddaɓe, a ɗora sabon gini. Yumɓun nan shi ya zama murfi.

Daɓen ɗakunan kuwa shi ne babban ma'aji. Mazauna kan shimfiɗa wani ganyen daji mai faɗi da ya cika tuddan Birtaniya, haɗe da karan hatsi da gansakuka. In shimfiɗar ta yi datti ba a share ta, sabuwa ake zubawa a kai. Duk abin da ya faɗi sai ya nutse ciki: allura, tsabar kuɗi, ƙashin nama, ragowar fatar da baduku ya yanke, wasiƙar da aka gama karantawa. Fitsari da kashin dabbobi suka jiƙa ta, ƙafafu suka danne ta, ta zama dunƙulalliya hawa-hawa. Tarin kwanson tsutsar ƙuda da aka tace daga cikinta ya nuna irin ƙazantar da mutanen suka zauna a kai. A yau wannan shimfiɗa tana da zurfin mita 4 zuwa 6 a wasu wurare, baƙa ƙirin, mai wari. Tagulla na fitowa daga cikinta tana ƙyalli, ƙarfe ba tsatsa. Akwai wani farin gari da ke kama ƙashi da katako, haɗin ƙarfe da fosfet ne, wanda da zarar ya sha iska sai ya koma shuɗi. Mai tono da ya ga shuɗin nan ya san iska ta riga ta fara aiki a kan duk abin da ke gabansa.

Ƙasar dai tana da zaɓi, kuma wanda bai san zaɓinta ba zai yi kuskuren fassara. Fatar da aka jeme da ɓawon itace tana tsira, ɗanyen ƙirgi kuwa narkewa yake yi. Ulu na tsira, lilin da sauran zaren tsirrai da wuya a same su. Duk wanda ya ƙirga ƙyallayen ulu sannan ya ce mutanen ba su sa lilin ba, ya ƙirga abin da ƙasa ta bari ne, bai ƙirga abin da aka sa a jiki ba.

Abin da ya faru a 1973

A 1972 Robin Birley, shugaban tonon, yana haƙa magudanar da za ta janye ruwa daga inda ake aiki, sai ya faɗa cikin wannan baƙar shimfiɗa. Da aka koma a watan Maris na 1973, sai ya ci karo da wasu siraran katako guda biyu manne da juna, ya ɗauka sassaƙe ne na kafinta. Da aka raba su sai ga rubutun tawada a ciki. An mayar da su a haɗe, an garzaya da su Durham wurin masanin rubuce-rubucen Rumawa, Richard Wright. Kafin a sake buɗe su katakon ya yi baƙi, rubutun ya ɓace wa ido.

Tawadar ba ta tafi ko'ina ba. Abin da ya faru shi ne sinadaran da katakon ya sha a ƙasa sun haɗu da iska sun yi duhu, duhunsu ya kamo na tawadar, bambancin ya gushe. Mafita ta zo daga makarantar likitanci ta Jami'ar Newcastle, inda Alison Rutherford ta ɗauki hotonsu da hasken infirared, wato hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani. An yi sa'a da irin tawadar. Haɗin baƙin gawayi ne da ƙaro da ruwa, kuma gawayi na shanye wannan haske, shi kuwa katakon yana mayar da shi, sai rubutu ya fito baƙi a kan fari-fari. Da tawada ce ta ƙarfe da tsamin itace, irin wadda ta yi yawa a ƙarnonin baya, da ta dushe a hoton ita ma. Wasiƙar farkon nan, da aka karanta ta, saƙo ne ga wani soja cewa an aiko masa safa, da takalma sandal ƙafa biyu, da kamfai biyu, sai gaisuwa ga abokan kwanansa.

Masana tsoffin rubuce-rubuce biyu, Alan Bowman da David Thomas, su suka ɗauki nauyin karatun, aikin da ya ci musu shekaru da dama. Rubutun gaggawa ne na hannu, haruffa da yawa suna kama da juna, ba kullum ake raba kalmomi ba, kuma tabon datti na iya zama kamar wasali a hoto. Amma kafin a kai ga karatu, sai da aka amsa wata tambaya mai ɗaci: alluna nawa aka riga aka ratsa da cokalin tono ba a sani ba?

Ajiye cokali, ɗaukar shebur

Ƙa'idar tono a ko'ina ita ce a karce ƙasa sannu-sannu da cokalin magina, daga sama zuwa ƙasa, a bar kowane kaya a mazauninsa har a auna shi a zana shi. A busasshiyar ƙasa babu abin da ya fi haka. A shimfiɗar Vindolanda kuwa wannan ƙa'ida ɓarna take yi. Allon tawada kaurinsa milimita 1 zuwa 3 ne, girmansa yawanci kamar santimita 20 da 8 kafin a ninke shi, an yanko shi daga itatuwan yankin, kuma launinsa ɗaya da ganyen da yake kwance a ciki. Ya yi laushi har farce na shige shi kamar jiƙaƙƙen sabulu. Bakin cokali zai share shi kafin ido ya gane shi. Ga kuma ruwa da ke tasowa a ramin, ga takalman ma'aikata suna dama wurin ya zama taɓo.

Sai aka juya aikin. Ana yanka shimfiɗar da shebur mai kaifi, dunƙule-dunƙule masu kusurwa huɗu da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, a fitar da kowanne daga rami a ɗora a baro ko tebur, sannan a buɗe shi da yatsu, hawa bayan hawa, ta inda ya yarda ya rabu da kansa. Allo kwance yake a tsakanin hawa biyu, don haka in an bi layin rabuwar sai ya bayyana ɗungurungum. Wannan hanya tana da farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Shebur kan raba allo biyu in ya faɗo a kan layin yanka, kuma ana rasa ainihin ɗigon da kaya yake kwance, sai dai a ce daga dunƙule kaza ya fito. Ana rage asarar ta hanyar ba kowace shimfiɗa lambarta, a san ɗaki da kusurwar da kowane dunƙule ya fito, kuma in an ga gefen allo a jikin yanka a nemi ɗaya ɓarin a dunƙulen da ke maƙwabtaka nan take. A ganina zaɓin daidai ne. Allon da aka yanka biyu da kaifi ana iya haɗa ɓangarorinsa, wanda aka karce ya zama gari kuwa ya tafi har abada.

Sauran aikin ramin na yaƙi da ruwa ne. Ana haƙa ƙaramin gurbi a kusurwa mafi zurfi ruwa ya taru a ciki, injin ya riƙa zuƙewa, kuma kowace safiya da zuƙar ruwa ake farawa. Bangon rami mai zurfin nan ana yanka shi matakala-matakala ko a tokare shi, domin jiƙaƙƙen yumɓu ba ya gargaɗi kafin ya rufta. Ana shimfiɗa katakai a taka a kai. Ba a buɗe fili fiye da wanda za a iya gamawa, wanda aka buɗe kuma ba a kai gare shi ba ana rufe shi da leda. Daga kowace shimfiɗa ana ɗebe ƙasa lita 10 zuwa 20 a rufe a bokiti, daga baya a wanke ta a rariya mai ido kamar milimita 0.3, domin iri da ƙwari da ƙashin kifi a nan suke.

Awannin farko

Allon da ya fito ba a goge shi da yatsa don a ga ko akwai rubutu. Tawadar a kan fuskar katakon take zaune, ƙaron da ya riƙe ta kuwa ya daɗe da jiƙa, shafa ɗaya ta isa ta ɗauke layi guda. Wanda aka samu a ninke ba a buɗe shi a bakin rami. Wasiƙun ana rubuta su ne sahu biyu, a ja layi da wuƙa a tsakiya, a ninke rubutun ya koma ciki, a rubuta sunan mai karɓa a baya, a ɗaure da zare ta ƙananan huji ko tsaga a gefe. Ninkin nan shi ya kare tawadar, kuma sau da yawa rubutun ɓari ɗaya ya bar hotonsa a juye a kan ɗayan, wanda ke taimaka wa mai karatu. Ana zura wani abu mai faɗi da santsi a ƙarƙashinsa, a ɗauke shi da lakar da ke jikinsa, a sa a roba mai murfi da ruwa mai tsabta, a rufe daga haske, a kai firji mai sanyin digiri 4 zuwa 5. Kada ya daskare, domin ƙanƙara na buɗa itacen ta fasa shi. Lambar kayan ana rubuta ta a guntun roba da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, a jefa ɗaya a ciki, a manna ɗaya a waje. Takarda narkewa take yi, kuma kayan da ya rasa lambarsa ya rasa rabin amfaninsa.

Dalilin duk wannan kaffa-kaffa yana cikin jikin itacen. A tsawon shekarun nan bakteriyar da ke rayuwa ba iska sun cinye sashen da ke ba itace ƙarfi, sun bar ƙwarangwal, ruwa ya cika gurbin. Ruwan ne ke riƙe da siffar. Idan ya fara janyewa daga 'yan mitsi-mitsin ramukan itacen, ƙarfin jan da ke fuskarsa sai ya jawo bangayensu ciki su rufta. Allon ya tsuke, ya kanannaɗe, ya tsage bin tsawonsa, kuma ko an mayar da shi ruwa ba ya komawa yadda yake.

Hanyar da aka bi da allunan a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, wanda ya mallaki mafi yawansu tun 1986, ita ce a musanya ruwan da abin da ba ya ja haka. Bayan an wanke laka a hankali da buroshi mai taushi, ana tsoma allon cikin sifirit, a riƙa sauya shi har ya kore ruwan duka, sannan a mayar da shi cikin sinadarin eta ya kore sifirit ɗin. A ma'aunin masu kimiyya ƙarfin jan fuskar ruwa kusan 72 ne, na sifirit kusan 22, na eta kusan 17. Eta na tashi ya bar ramukan a tsaye. Ana busar da allon a hankali tsakanin abu biyu masu santsi da ɗan nauyi a kai don kada ya lanƙwashe. Wani amfanin kuma shi ne katakon kan yi haske, tawada ta sake fitowa. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne gaggawa: in ruwa ya rage a tsakiyar katakon aka wuce zuwa eta, wajen zai bushe lafiya, cikin ya tsuke, allon ya kumbura ko ya tsage. Eta kuma na kama wuta da ɗan tartsatsi, sai a ɗakin da ke da na'urar zuƙe tururi.

Wannan hanya ta siraran abubuwa ce. Katako mai kauri, kamar kwano ko ƙotar gatari, ana jiƙa shi cikin ruwan da aka narka wani kakin roba mai suna PEG, a fara da mai ruwa-ruwa da ke shiga bangon ramukan, a bi da mai tauri da ke cika su, a riƙa ƙara yawansa kaɗan-kaɗan tsawon makonni ko watanni. Sannan a daskarar da shi a sa a akwatin da aka zuƙe iskarsa, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta koma ruwa ba. In aka zuba kakin da yawa tun farko, sai ya tsotso ruwan itacen waje kafin shi ya shiga, abin da ake gudu ya faru a cikin bahon.

Akwai allo iri na biyu da ke da wata matsalar dabam, wanda aka rarake fuskarsa aka zuba kakin zuma ana rubutu da tsinken ƙarfe. Kakin ya tafi, sai sawun tsinken da ya huda har katako. Tun da ana share kakin a sake rubutu, sawun wasiƙu da yawa kan hau kan juna. Ana ɗaukar hotonsu da haske daga kusurwoyi da dama, kwamfuta ta haɗa inuwoyin, amma duk da haka kaɗan ne daga cikinsu suka karantu sosai.

Takalma

Takalmi kan fito a murƙushe, cike da laka. Ba a zazzage lakar, ita ce ke tallafe da siffarsa, kuma ba a kama shi ta baki ɗaya a ja. Zaren ɗinkin na tsirrai ne, ya ruɓe, don haka tafi da sama da dunduniya ba abin da ya haɗa su sai laka da ƙusoshi. Takalmi ɗaya, leda ɗaya, da ɗan ruwa a ciki, a matse iskar a rufe. A ɗakin gyara ana wanke shi ƙarƙashin ruwa mai gudu a hankali, a zana kowane ɓangare a auna shi tun yana jiƙe, domin ko an yi komai daidai fata kan tsuke da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Hanyar da ta fi yawa a wannan fanni ita ce a jiƙa ta cikin gilisarin ko PEG mai ruwa-ruwa da aka sirka da ruwa, kamar kashi 20 cikin 100, sannan a busar da ita a daskare. Fatar da aka bari ta bushe da kanta tauri take yi ta karye. Ƙusoshin tafi kuma su ne ciwon kai, domin abin da fata ke so shi ne danshi, ƙarfe kuwa bushewa yake so, sai a nemi tsaka-tsaki a ma'aji a riƙa dubawa. Hoton eksire na nuna jerin ƙusoshin tun kafin a taɓa lakar.

Takalman sun faɗi abin da rubutattun tarihin Rum ba su faɗa ba. A doka sojan Rum ba shi da izinin aure sai wajen shekara ta 197, zamanin Sarki Septimius Severus, kuma an daɗe ana ɗaukar sansani a matsayin wurin maza zalla. Sai ga takalman mata da na yara. A gidan kwamanda ba abin mamaki ba ne, shi yana da iyalinsa: an samu takalmin jariri da aka yi wa ado irin na manya, da wani siririn sandal na mace mai hatimin wanda ya yi shi, Lucius Aebutius Thales, wanda aka yar bayan maɗaurin yatsa ya tsinke alhali tafin bai ci ba. Amma masaniyar tsoffin kayan fata, Carol van Driel-Murray, ta nuna akwai ƙananan takalma har a ɗakunan barikin ƙananan sojoji, a shimfiɗar wajen shekara ta 105 zuwa 120. A nan ne awon da aka yi tun fata na jiƙe ke da muhimmanci, domin ƙafar mace da ta yaro matashi suna shiga juna a tsawo, kuma santimita ɗaya da ta tsuke na iya mayar da takalmin namiji na mace a lissafi. Sai an haɗa da salon ɗinki da faɗin tafi da yawan ƙananan a ɗaki ɗaya kafin a yanke magana. A 2016 wani ramin kariya guda, irin wanda ake haƙawa kewaye da sansani, wanda aka cike wajen shekara ta 212, ya ba da takalma 421, na manya da na yara a gauraye.

Shimfiɗa da kwanan wata

Alluna da aka samu sun haura 1,500, mafi yawa daga wajen shekara ta 90 zuwa 120, kuma ƙimarsu ta ninku ne saboda an san shimfiɗar da kowanne ya fito. Ana tantance shekarun shimfiɗu da tsabar kuɗi, da salon tukwane, da zoben shekara na ginshiƙan katako, sannan allunan da kansu, inda wasu ke ɗauke da sunayen shugabannin Rum na shekarar. Lissafin kaji da dinya na gidan kwamanda Flavius Cerialis, shugaban Runduna ta Tara ta Batawiyawa daga bakin kogin Rayin a Holan ta yau, ya ratsa shekarun 102 zuwa 104. Da wannan aka san zamanin duk abin da ke kwance tare da shi, har takalma da matazai marasa rubutu. Wajen shekara ta 105 aka tura rundunar yaƙin Dacia, Romaniya ta yau. Kafin su tashi sun tara takardun gidan sun cinna wuta, wutar ba ta ci ba, ana jin ruwan sama ne ya kashe ta. Ɗaruruwan alluna masu ƙonannun gefe suka fito daga wurin a shekarun 1990.

A gidan nan aka samu gayyatar da Claudia Severa ta aika wa matar Cerialis, Sulpicia Lepidina, ta zo bikin ranar haihuwarta, 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta jikin wasiƙar, amma gaisuwar ƙarshe da wani hannu dabam aka yi ta, mara goguwa, hannun Severa da kanta, ɗaya daga cikin rubutun Latin mafi daɗewa da aka sani na mace. Daga ramin kariyar sansani na farko kuma an ciro wani dogon allo mai kusan santimita 39, ƙidayar sojojin Runduna ta Farko ta Tungriyawa, mutanen yankin Beljiyam ta yau, a ranar 18 ga Mayu. Jimilla 752 ne, amma 456 ba sa nan, 337 daga cikinsu suna Coria, Corbridge ta yau, 46 kuma suna gadin gwamna. Cikin 296 da suka rage, 15 ba su da lafiya, 6 sun ji rauni, 10 na ciwon ido. Wato a bakin iyakar daula, ranar nan, mutum 265 ne kawai za su iya ɗaukar makami.

Wasiƙar da ta fi nuna hada-hadar wurin ita ce ta wani mai suna Octavius zuwa ga wani Candidus. Ya sayi zangarniyar hatsi kusan mudun Rum 5,000, kowane mudu kamar lita 8.7, ya ba da kafin alƙalami kusan dinari 300, yana roƙon a aiko masa aƙalla 500 kada ya yi asara ya ji kunya. Akwai fatu da ke jiransa a Cataractonium, Catterick ta yau, bai ɗauko ba don ba ya son ya wahalar da dabbobi hanya ta ɓaci. Sahun rubutun ya fara daga ɓarin dama ya koma hagu, saɓanin sauran, abin da ya sa ake jin bahago ne mai gudun kada hannunsa ya shafe tawada. Da an buɗe allon nan a rami an raba ɓangarorinsa a leda dabam-dabam ba lamba, da wannan bai ganu ba.

Ƙasar ta fara bushewa

An daɗe ana cewa abin da ba a tono ba yana nan a ajiye, masu zuwa za su same shi da kayan aiki mafi kyau. Wannan magana ta dogara ne ga murfin yumɓu da ruwan ƙasa su zauna yadda suke. Zafi mai tsawo na tsaga yumɓu, ruwan ƙasa ya sauka, iska ta bi tsagar, in kuma ruwan sama mai ƙarfi ya biyo baya sai ya shigar da oksijin har ƙasa. Jiƙa da bushewa bi da bi sun fi bushewa ɗaya ɓarna. A Magna, wani sansanin da ke kimanin kilomita 11 yamma, wanda shi ma yana hannun gidauniyar, fadama ta lotsa har bakin wata rijiya ta zamanin Rumawa ya fito fili.

Don haka aka dasa na'urori a ƙasa a wuraren biyu, suna auna zurfin ruwa, da zafi, da tsami, da yawan iskar da ke shiga, dare da rana. Da awonsu ake sanin wane sashe ne ke cikin haɗari, a fara tona shi. A Magna an fara aikin shekara biyar a 2023. A 2025 ramukan kariyar arewacin sansanin suka ba da takalma 32, takwas daga ciki tsawonsu ya kai santimita 30 ko ya wuce, mafi girma 32.6, abin da ba kasafai ake gani a Vindolanda ba. An auna su duka tun suna jiƙe, da niyyar a sake auna su bayan gyara, kafin a ce komai game da mutanen da suka sa su.